Tambayoyin da maniyyatan Abuja suka fi yi kafin tafiya aikin Hajji

Waɗannan tambayoyi ne da ake maimaitawa a wajen bita da bakin masallatai, daga Kubwa har Gwagwalada, duk sanda lokacin biyan kuɗin kujera ya matso. Hukunce-hukuncen ibadar kanta aikin malaman bita ne, kuma a wurinsu ya kamata a ɗauke su. Abin da aka sa gaba a nan shi ne takardu da kuɗi da jiki da jaka, domin mafi yawan wahalar da ke samun alhazanmu a Saudiyya daga gida suke tafiya da ita.

Na ƙulla niyya. Daga ina zan fara?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Babban Birnin Tarayya, wadda ke da jami'an alhazai a ƙananan hukumomi shida na Abuja: Birni da kewaye, Bwari, Kuje, Gwagwalada, Kwali da Abaji. Ka je wurin jami'in yankinka da kanka. Ta biyu ita ce kamfanonin jirgin yawo masu lasisi, waɗanda kuɗinsu ya fi yawa amma kwanakin da ake yi a can sun fi kaɗan, shi ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa ke son su.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ce ke raba wa jihohi da kamfanoni kujeru, ita ce kuma ke ba kamfanonin lasisi. Kafin ka ba kowane kamfani ko kwabo, ka duba sunansa a jerin waɗanda ta amince da su na wannan shekarar, ba na bara ba. Kuɗin kujerar hukuma kuwa ta banki ake biya da sunan hukumar, a karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa shi zai kai maka, ko da ɗan'uwanka ne a ofishin, ka ba shi haƙuri.

Nawa ne kuɗin kujera, kuma me ya sa kullum hawa yake?

NAHCON ce ke sanar da shi duk shekara. A 2023 bai cika naira miliyan 3 ba. A 2025 maniyyatan shiyyar Arewa, har da Abuja, sun biya kimanin miliyan 8.4. Ba Makka ce ta ƙara nisa ba, naira ce ta faɗi. Kuɗin jirgi da masauki a Makka da Madina da tanti a Mina da Arfa da abinci da motoci duk da dala ko riyal ake biyan su, shi kuwa riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya. Idan dala ta motsa a kasuwar 'yan canji ta Zone 4, kujera ta motsa.

Wanda ba zai iya biya a tashi ɗaya ba, akwai tsarin adashin gata da NAHCON ta fara da Bankin Jaiz a 2020. Mutum yana zubi gwargwadon ƙarfinsa har kuɗin su cika.

Me ya sa ake rufe karɓar kuɗi da wuri haka, alhali Hajjin da saura?

Saboda Saudiyya ta sauya tsari. Yanzu sai kowace ƙasa ta biya kuɗin tantuna da masaukai ta intanet watanni kafin Zulhijja, a rufe biza makonni da dama kafin ranar Arfa. Tsohuwar al'adar nan ta jira sai bayan ƙaramar Sallah a zo ana roƙon a taimaka ta daina aiki, domin shi kansa jami'in ba shi da ikon buɗe shafin da aka rufe daga can.

Fasfona saura wata huɗu ya ƙare. Zai yi?

Ba zai yi ba. Ana buƙatar ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka sabunta tun kafin ka biya kuɗi, kuma ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka na fasfo sun yi daidai da na lambar NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe mutum makonni a ofishin shige da fice. Ka ɗauki hoton shafin farko ka ajiye a waya, ka bar wa iyali kwafi.

Wani ya ce zai samo mini bizar ziyara da rabin kuɗi, in shiga Makka in ɓuya har lokacin Hajji. Ya kuke gani?

Alhaji, kada ka soma. Bizar ziyara da ta Umara da ta yawon buɗe ido, babu wadda ake Hajji da ita. Da lokaci ya matso ake kafa shingaye a hanyoyin shiga Makka, askarawa su riƙa bin gidaje suna kwashe mutane. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000, a mayar da shi ƙasarsu, a hana shi shiga Saudiyya shekara 10. Wanda ya ɗauke shi a mota ko ya ɓoye shi tararsa ta kai riyal 100,000.

Tarar ma ita ce mai sauƙi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu marasa izinin Hajji. Dalili a fili yake. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina ko Arfa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi, sai ya taka a rana tsaka, idan jiri ya kama shi kuma yana tsoron zuwa asibiti kada a kama shi. Mai sayar maka da bizar yana Abuja cikin inuwa a ranar. Allah bai ɗora Hajji kan wanda bai sami iko ba, kuma jiran shekara biyu kana zubi ya fi wannan kasada.

Waɗanne allurai ake yi?

Uku ne ba makawa ga ɗan Najeriya: ta sanƙarau, ta shawara, da ɗigon shan-inna. Ta sanƙarau da ta shawara sai sun kwana 10 a jiki kafin a shiga Saudiyya. Hukuma kan shirya ranakun yin su tare da gwajin lafiya, a ba ka katin shaida mai ruwan ɗorawa. Akwai masu sayen katin ba tare da an yi musu allurar ba. Wannan cutar kai ce. Za ka kwana kafaɗa da kafaɗa da mutanen ƙasashe sama da ɗari, kuma sanƙarau bai san hatimi ba.

Ina da ciwon suga da hawan jini. Za a hana ni tafiya?

Ba a hana mai ciwon suga ko hawan jini matuƙar yana shan magani kuma ciwon ya daidaita. Waɗanda Saudiyya ta ce kada a kawo su su ne irin wanda ake yi wa wankin ƙoda, da mai ciwon zuciya ko huhu ko hanta da ya yi tsanani, da wanda ake kan yi wa maganin daji, da mai tarin fuka da bai warke ba, da tsohon da ya rikice.

Ka ga likitanka tun da sauran wata biyu ko uku. Ka tafi da maganin da zai ishe ka kwana 45 ko fiye, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan kowane magani. Ka raba shi biyu, rabi a jakar hannu, don babbar jaka tana iya yin kwanaki ba ta iso ka ba. Mai allurar insulin ya nemi 'yar jakar da ke riƙe sanyi. Mai ciwon suga kuma ya kula da ƙafa fiye da komai: kada ya taka dandaɓe da rana ba takalmi, domin ƙafar na iya ƙonewa bai ji ba, kuma ciwon ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa.

Kada a ɓoye ciwo a wajen gwaji. Tawagar likitocin Najeriya tana da asibitocin sha-ka-tafi a Makka da Madina, amma sai sun san abin da ke damunka za su taimake ka da wuri.

Ni mace ce. Me ya shafe ni daban?

Hajiya, abu uku. Na farko, ana gwajin juna biyu, wani lokaci har a sake shi daf da tashi, kuma wadda aka samu da ciki ba ta tafiya. Duk shekara sai an sami masu dabarar kauce wa gwajin, sai a ji labarin ɓari ko haihuwa a tanti. Ki ɗage zuwa wata shekara, ki tambayi hukuma yadda za a yi da kuɗinki.

Na biyu, muharrami. Saudiyya ta daina sharɗanta shi wajen ba da biza. Ta fuskar shari'a malamai sun saɓa, kuma a mazhabar Malikiyya an yarda mace ta yi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Ki zauna da malaminki da maigidanki a kan wannan tun kafin biyan kuɗi.

Na uku, al'ada. Mai haila tana ɗaura niyya, ta je Mina, ta tsaya Arfa, ta yi jifa, dawafi kawai take jinkirtawa. Mai son shan ƙwayar jinkirta al'ada ta ga likita tun a gida, kada ta karɓa a hannun abokiyar ɗaki, domin wadda ba ta dace da jiki ba rikita jinin take yi ya riƙa ɗigowa, a rasa tsarki gaba ɗaya.

An ce in fara motsa jiki. Da gaske har sai an yi wannan?

Idan da za a ce a zaɓi amsa ɗaya a shafin nan, wannan ce. Mutumin Abuja ba ya tafiya da ƙafa. Daga gida sai mota, daga mota sai ofis, ko masallacin Juma'a ma da mota ake zuwa. Hajji kuwa ibadar ƙafa ce. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kusan kilomita 3. Dawafi a ƙasa kusa da Ka'aba gajere ne, amma ranar cunkoso hawa na sama za a tura ka, inda zagayen ke ninkuwa sau da yawa. Masaukan alhazanmu da dama suna wajen Masfala, ana taka mai ɗan nisa zuwa Harami sau biyar ga mai son jam'i. Tantunan Najeriya a Mina ba su kusa da wurin jifa, zuwa da dawowa kilomita da dama ne, kwana uku ko huɗu a jere. A daren Muzdalifa kuma mota kan maƙale, a ce kowa ya sauka.

Ka fara tun da sauran wata uku. Bayan Asuba ka taka rabin awa, ka riƙa ƙarawa har ka iya awa ɗaya da rabi ba ka zauna ba. Ko a bakin tafkin Jabi, ko zagayen unguwa, duk ɗaya ne. Ka yi tafiyar da takalmin da za ka tafi da shi, don sabon silifas a Mina ɓororo yake sa wa. Ka riƙa hawa bene da ƙafa. Ka saba wa kanka shan ruwa kafin ƙishi ya zo, da tsuguno, don yawancin banɗakunan Mina da Arfa na tsuguno ne kuma layi ake bi.

Zafin watan Maris na Abuja bai kama ƙafar na Makka ba. Lema halal ce ga mai harami, ka riƙe ta. Hukumomi kan hana fita jifa da tsakar rana, ka bi lokacin da aka ba rukuninku. Tsoho da marar lafiya suna da rangwamen wakilta wani ya yi musu jifa, kuma akwai keken guragu na haya don dawafi da sa'ayi. Baba ya karɓi rangwamen, ba gazawa ba ce.

Me zan sa a jaka?

Hukuma kan ba da jakunkuna da yadin yunifom. Jakar hannu kilo 8 ce, babbar kuwa a bi nauyin da aka sanar a bita. Namiji ya tafi da harami biyu da bel mai aljihu. Mace ta tafi da hijabai marasa nauyi na auduga. Kowa na buƙatar silifas biyu, lema, 'yar tabarmar Muzdalifa, sabulu da man shafawa marasa ƙamshi, basilin saboda gogar cinya, takunkumin fuska, garin gishiri da sukari na kemis, da 'yar jakar goyo don kwanakin Mina. Almakashi da reza da abin yanke farce a babbar jaka suke tafiya, fawa-bank kuma a ta hannu. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Kada a cika kaya, ana wanki a can, kuma ana ba da abinci sau biyu a rana.

Goro fa?

An hana. Ana kwace shi tun a Abuja, idan ya tsallake aka gan shi a can kuma yana iya jawo tsarewa. Wanda goro ya kama ya fara rage ci tun yanzu, kada ciwon kai ya same shi a Madina.

Wani ya roƙe ni in kai wa ɗan'uwansa saƙo a unguwar Sharamansur da ke Makka. In karɓa?

A'a, ko da ƙullin yaji ne, ko da surukinka ne ya kawo. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne, kuma taramol da kodin suna cikin abin da ake kama mutane da shi. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ita da ba ta karɓi komai ba ke nan. Ka haɗa jakarka da hannunka, ka tsaya a kanta lokacin da jami'an NDLEA ke bincike, ka ƙirga takardun awon da aka liƙa maka, idan sun fi yawan jakunkunanka ka yi magana nan take.

Kuɗin guzuri zai ishe ni?

A 2024 da 2025 dala 500 aka ba kowane alhaji, wato riyal 1,875. Idan hadaya za ta fito daga ciki, an ci wajen kashi biyu cikin biyar tun ba a fara ba. Mai hali ya ƙara da nasa. Ka ƙirga dalolin a gaban wanda ya ba ka, ka san yadda takardar dala 100 take, domin akwai masu fakewa da taimako su musanya wa tsofaffi ita da dala ɗaya. A can ka yi canji a shagon canji mai rajista, kaɗan-kaɗan. Kada ka shiga dawafi da duk kuɗinka, kada kuma ka ɗauki abin da ka gani a ƙasa a Harami ko da naka ya yi kama da shi, kyamarori na kallo.

Wa zan ba kuɗin hadaya?

Yawancin alhazanmu Tamattu'i suke yi, wato Umara sannan Hajji a tafiya ɗaya, don haka hadaya ta hau kansu. Hanyar da babu shakka a cikinta ita ce shirin Adahi na Saudiyya, ko wadda hukuma ta ayyana, a ba ka rasit. Kuɗin ya ɗan haura riyal 700 a 'yan shekarun nan. Masu yawo masauki-masauki suna cewa za su yanka maka da rabin haka, ba ka da hanyar sanin ko an zubar da jinin. Wanda ba shi da hali ya yi azumi 10, uku a lokacin Hajji, bakwai bayan ya dawo gida, kamar yadda aya ta 196 ta Suratul Baƙara ta faɗa.

A ina zan ɗaura harami?

Ya danganta da inda jirgi zai sauka. Mafi yawan jiragen Najeriya Madina suke fara sauka, a yi kwana huɗu ko biyar, sannan a ɗauki harami a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, a kama hanyar Makka mai kimanin kilomita 450. Idan aka ce Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, to haraminka ya kasance a jakar hannu ko a jikinka tun daga Abuja, don a sama za a ratsa miƙati. Ka koyi ɗaura shi a gida, ka yi tafiya da shi, ka zauna, ka tashi.

Idan na ɓata fa?

Kusan kowa sai ya ɗan ɓata, musamman a Mina inda tantuna duk fari ne iri ɗaya. Katin Nusuk da Saudiyya ke ba kowane alhaji shi ne shaidarka, kuma ba a shiga Harami ko Mina ko Arfa sai da shi, don haka a wuya yake kwana. Ka riƙe katin masaukinku, ka ɗauki hoton lambar tanti da ta sandar da ke kusa, ka sa yunifom don a gane ka. Ka sayi layin STC ko Mobily ko Zain da fasfonka, ka ajiye lambar jami'in rukuninku a takarda, ba a waya kaɗai ba. Lambar gaggawa a Makka 911 ce. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nema, 'ya'ya su saka wa iyaye ita tun a gida. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Yaushe zan san ranar tashi?

Sau da yawa sai da saura kwana ɗaya ko biyu ake kira zuwa sansanin alhazai na Bassan Jiwa, kusa da filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Da an fara jigila jaka ta kasance a ɗaure, waya a kunne, ziyarar bankwana ta ƙauye kuma an riga an gama ta. A sansani ana iya kwana, ka tafi da abin shimfiɗa da haƙuri.

Me zan bari a gida?

Ka biya bashi ko ka nemi izinin mai shi, ka rubuta wasiyya da shaidu, ka bar wa iyali abincin wata biyu da kuɗin makaranta. Ma'aikaci ya nemi hutun da ya haura kwana 40, domin ranar dawowa ba a hannunsa take ba, layi ake bi.

Zamzam da tsaraba fa?

Kada ka sa Zamzam a jaka. Na'ura na gani, a farke jakar a cire, wani lokaci jakar ta rasa jirgi. Kowane alhaji yana da lita 5 da ake kawowa daban, a ba shi bayan ya sauka a Najeriya. Tsaraba kuwa, carbi da darduma da hula da jallabiya da ake sayarwa a Makka yawancinsu daga Sin suke, kuma akwai irinsu a kasuwar Wuse. Mutane da dama yanzu suna sayen nasu a nan su ajiye kafin su tafi, su bar nauyin jaka ga dabino. Abin da ya haura awo sai dai a aika ta kamfanin dakon kaya da aka amince da shi, a biya daban, kuma yakan iso makonni bayan mai shi.